Ba a Dafa Maitama Ba

Ranar da jam'iyya za ta fid da ɗan takararta na majalisar jiha, wakilai tamanin da ɗaya suka hallara a filin makarantar firamare ta Tsiga. Babu akwati, babu ƙuri'ar takarda. Ɗan takara zai tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga su kowa yana gani.

Maitama ya daɗe a gindin darbejiya bai motsa ba. Mutanen ƙauyensu sun turo shi da suna ɗaya, Malam Buba, malamin makarantar da ya tsaya musu lokacin da aka so a cuce su wajen awon auduga. Abokin karawar Malam Buba kuwa Alhaji Ummaru ne, mahaifin Mero matar Maitama, wanda ya ba shi aron fadamar da yake noman rake shekara shida ke nan.

Sai da layukan biyu suka miƙe sannan ya saɗaɗa ya shige tsakiyar na Malam Buba, ya ɓuya a bayan wani dogon mahauci.

Jimoh, sakataren jam'iyya, shi ke ƙirga. Yana tafe yana dafa kafaɗar kowa yana faɗin adadi. Layin Alhaji ya tashi arba'in. Da ya juyo ɗaya layin, sai Alhaji ya biyo shi don ya shaida, hannu a baya, yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

Maitama bai yi shawara da zuciyarsa ba. Ganin bakin rigar surukinsa kawai, ƙafarsa ta zame daga takalmi, ya tsuguna ya sunkuyar da kai kamar yadda yake yi kullum a zauren Alhaji. Hannun Jimoh ya tashi daga kafaɗar mahauci, ya wuce ta samansa, ya sauka a kan na baya.

"Arba'in da arba'in," in ji Jimoh. "Kunnen doki. Ƙa'ida ta ce ciyaman ya raba gardama."

Kowa ya san a motar wa ciyaman ya zo.

"Ai tamanin da ɗaya muke," wani ya ce daga baya.

"Wataƙila ɗaya ya zagaya," in ji Jimoh, yana buɗe biro.

Mahaucin ya waiwayo ƙasa. "Surukin Alhaji, layi ka zo ko gaisuwa?"

Maitama ya dubi takalmansa. In ya ƙara minti ɗaya a tsugune, fadama tana nan, kuma babu mai cewa ya ci amanar kowa. Ya tuna tsofaffin da suka rako shi har bakin hanya da safe.

Ya miƙe, takalma a hannu.

"Malam Jimoh, ba a dafa ni ba."

Alhaji ya tako a hankali har gabansa.

"Maitama, na ɗauka gaishe ni ka zo yi."

"Na gaishe ka, Baba."

"To, a wane layi kake?"

"Inda aka turo ni, Baba."

Jimoh ya dubi ciyaman, ya dubi jama'a, sannan ya ɗora hannu a kafaɗar Maitama. "Arba'in da ɗaya."

Hayaniya ta ɓarke a gaban layi. Alhaji bai ɗaga murya ba.

"In ka sare raken bana, kada ka sake dasawa."

Maitama ya koma ya tsuguna.

"To, Baba."