Sauro a Ƙeyar Baba Martins

Gershon Kazah ne ke kaɗa kibod a wata majami'a da ke gindin dutsen Kagoro. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, ba a taɓa samunsa da laifi ba sai ranar da ya mari dattijon ikilisiya a tsakiyar sanarwa.

Ba da gangan ya yi ba. Damina ce, sauro ya yi yawa har da rana yana yawo. Baba Martins, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya a Kafanchan, yana zaune a bencin gaba, ƙeyarsa daidai hancin Gershon. Wani ƙaton sauro ya sauka a kanta, ya sha har cikinsa ya yi ja. Gershon ya daure, ya daure, can sai hannunsa ya tafi da kansa. Tas! Magatakarda ya tsaya da karanta sanarwa. Baba Martins ya waiwayo a hankali, Gershon ya nuna masa gawar sauron, tsohon ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yarona," aka ci gaba.

Da a nan maganar ta ƙare. Amma da Gershon ya dubi tafinsa, sai ya ga jini ya bazu har gindin ɗan yatsansa, daidai wurin da wuƙa ta ɗan karce shi ranar Juma'a yana fere doya. Karcen ya riga ya bushe, sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Gershon ya ƙura.

Ya goge da hankici. Ya fita ya wanke a randar bayan majami'a. A gida ya wanke da omo, ya bi da gishiri, ya bi da kananzir. Sannan ya zauna a kan turmi da wayarsa, ya yi ta karanta labarin ƙanjamau har abincin rana ya huce. A cikin duk abin da ya karanta, abu biyu ne suka zauna masa: cutar tana bin jini, kuma gwaji ba ya nuna ta nan take, akan jira har wata uku. Inda aka rubuta cewa sauro ba ya ɗaukarta, ya tsallake. Ya ce mai rubutun bai san sauron Kagoro ba.

Da matarsa Faustina ta dawo daga taron zumuntar mata, ta same shi ya zura hannun dama cikin baƙar leda, ya ɗaure wuyan hannun da robar da take kama gashinta.

"Baban Jason, mene ne wannan?"

"Na tsare shi ne. In abin ya shiga, kada ya hau sama."

"Wane abin?"

Ya ba ta labari. Ta ajiye jakarta a hankali.

"Wa ya gaya maka Baba Martins yana da shi?"

"Wa ya gaya miki ba shi da shi? Mutumin da ya yi shekara talatin yana bin jirgi har Fatakwal? Kuma sauron nan, kin san gida nawa ya shiga kafin ya zo sujada?"

"To sai yaushe za ka cire?"

"Wata uku."

Faustina ta yi dariya, don ta ɗauka zuwa yamma zai gaji. Bai gaji ba. Ya tsara wa hannun dokoki. Ba ya ɗaga shi sama da ƙugu, domin a lissafinsa jini kamar ruwa ne, ba ya hawa tudu sai an taimake shi. In hannun ya mutu ya fara zugi, sai ya tsuguna, ya sassauta robar, ya ƙirga zuwa ashirin, ya mayar. Ya ware masa tawul nasa, da sabulu nasa. Kwanciya ma a bakin gado yake yi, hannun na reto cikin bokiti.

Matsalar ita ce mutum ba ya rayuwa da hagu a Kagoro ba tare da ya ɓata wa wani rai ba. Ya miƙa wa surukinsa hagu, tsohon ya mayar da nasa hannun aljihu ya tafi. Ya karɓi ƙosai da hagu, mai ƙosan ta tambaye shi ko uwarsa ba ta koya masa komai ba. A kan acaɓa ya ƙi riƙe ƙarfen baya da dama, suka shiga rami a hanyar Kafanchan, saura kaɗan ya faɗa gonar citta.

Lahadi ta zagayo, ya zauna gaban kibod, hannun dama na rataye a gefe kamar kazar da aka sayo daga kasuwa. Ya kaɗa da hagu kawai. Ƙasan waƙa ne ke fita, dum, dum, dum, babu bakinta. Mawaƙa suka ɗauki waƙar godiya, masu zaman baya suka ɗauka ta jana'iza ce, wata tsohuwa ta fara kuka tana tambayar wa ya rasu.

Kafin a tashi, labari ya gama benci-benci, domin Faustina ta gaya wa mace ɗaya tak a asirce. Ranar Litinin da sassafe Baba Martins ya bayyana a ƙofar gidansu da sandarsa, ya ƙi zama.

"Gershon, ni ka mara a gaban jama'a, na sa maka albarka. Yanzu kuma na ji wai jinina ne ka ɗaure a leda."

"Baba, ba kai nake zargi ba, sauron ne."

"Sauron ya mutu. Ni ne da rai, ni ake kallo. Jiya matata ta ba ni ruwa a kofin baƙi. Shekara arba'in da shida da aure! Sa takalminka. Kafanchan za mu, a gwada ni, a gwada ka, a gwada ledar."

Faustina ta riga ta fito masa da takalmin.

A asibitin aka nuna musu wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda. Matar da ke ciki sunanta Joanna, mai ba da shawara ce kafin a yi gwaji, gajeriya, mai furfura a gaban goshi. Ta saurari Baba Martins, ta saurari Gershon, ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya, ko da yake ta daɗe tana kallon silin.

"Kwana nawa ke nan?" ta tambaya.

"Takwas, Ma."

"Kawo hannun."

Ta tsinke robar da almakashi, ta zare ledar. Wari ya cika ɗakin, Baba Martins ya matsa bakin taga. Hannun ya kumbura, ya yi fari ya yamutse kamar rogon da aka jiƙa, wuyan ya yi zobe. Ta juya shi, ta duba ko akwai ciwo, babu. Ta jawo baho da ruwa ta wanke masa da hannunta, tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan'uwana, jinin da ke hannun nan yana zaga jikinka duka cikin kamar minti ɗaya. Duk ƙirgan ashirin ɗin da kake yi, ya je kanka ya dawo. Sauro kuma ba ya ba da wannan cuta, ko ya cije ka, ko ka kashe shi a tafinka. Da yana bayarwa, da babu wanda ya rage a garin nan. Abin da ya kusa cin hannunka robar ce."

"Amma Ma, ba za ki gane tsoron ba. In mutum bai shiga ciki ba..."

"Shekarata goma sha huɗu da cutar nan," in ji Joanna, ba ta daina murza yatsunsa ba. "Kullum ƙwaya ɗaya nake sha. 'Ya'yana biyu na haifa bayan haka, duk lafiyarsu lau."

Gershon ya dubi hannunsa cikin nata. Ya dubi ledar da ke ƙasa. Ƙafarsa ta fara jawo ledar a hankali don ya sake ɗaure hannun, sai Baba Martins ya ɗora sandarsa a kai ya danne.

"In ka taɓa ta," in ji tsohon, "ni ma yau zan kashe sauro a ƙeyarka."

Gershon ya janye ƙafar. Kunya ta rufe shi. Bai janye hannun ba, ya bar ta ta gama, ta goge masa da tawul. Da ƙyar ya ce, "Ki yi haƙuri, Ma." Ta ce ta ji waɗanda suka fi wannan, akwai wanda ya taɓa zuwa da kujerar mota a ka wai a gwada ta.

An yi musu gwajin duk da haka, tunda sun zo. An huda yatsa, aka jira minti ashirin, su biyun babu komai. Baba Martins ya ce a rubuta masa a takarda da hatimi, manyan baƙaƙe, domin matarsa ba ta gani sosai. Gershon ya fara tambaya ko ya dawo bayan wata uku, Joanna ta ce yana iya dawowa duk shekara kamar kowa, amma ba don sauro ba.

A tashar motar Kagoro yunwa ta kama su, suka shiga rumfar wata mai tuwo. Gershon ya wanke hannu, ya kai dama cikin kwano. Yatsun ba su gama dawowa ba, loma ta farko ta suɓuce ta faɗa miya, ta fantsama a farar rigar Baba Martins. Tsohon ya dubi rigar, ya dubi Gershon, ya kira mai tuwon ya ce ta kawo wa yaron nan cokali.