Kwali Huɗu a Juji

Wurin ajiya ya ƙare a gidan rediyon unguwarsu ta Umlazi, aka bar wa Lwazi zaɓen kaset ɗin da za a zubar. Bai ɓata lokaci ba, ya kwashe na shekarun tamanin gaba ɗaya, kwali huɗu. A ganinsa shekara goma aka yi ana buga gangar inji ba kai ba gindi.

A juji, wata tsohuwa mai tsintar robobi, MaZungu, ta zaro kaset ɗaya ta goge a rigarta.

"Ɗan nan, wa ya rasu kuke zubar da kayansa?"

"Ba kowa, Gogo. Shara ce."

"Ka saurara?"

"Na ji biyu zuwa uku."

"Ashe babban alƙali ne ya zo mana. Saka mini a rediyon motarku."

Ya saka don ya rabu da ita. Kiɗan ya fito siriri, yadda ya zata. Sai MaZungu ta ɗauki baiti. Wata ta amsa daga bayan tulin kwalabe, masu tura amalanke suka shigo da kakkaurar murya. Kafin amshi ya zagayo, kusan mutum arba'in na rerawa, kuma ba wanda ya daina tsinta. Kaset ya sarƙe ya yi shiru, su ba su tsaya ba.

Lwazi ya dubi kwalayen. Kaset ɗaya ke nan cikin ɗari shida da ya kawo. Ya fara mayar da kwalayen mota.

"Ciro mini nawa," in ji MaZungu. "Da biro zan naɗe zaren in gyara shi."