Buhun Yashin Kogin Panaro

Motar da Injiniya Ermete Baraldi ya zana a shekarar 1968 ba ta da aibu ko ɗaya. Shi ya faɗa, jaridun garinmu Modena suka buga, mu kuma ma'aikatansa da muka yi jami'a muka maimaita da manyan kalmomi.

Silinda goma sha biyu gare ta, injin a kwance a gicciye daf da ƙeyar direba, gilashi kaɗai ya raba su. Tana cin kilomita ɗari biyu da saba'in a awa. Tankin mai kuwa a hancinta yake, wato can gaba. Idan mai ya yi ƙasa, hancin sai ya yi sakayau, kuma daga ɗari biyu da arba'in sitiyari yakan saki, kamar wani ya karɓe shi daga hannunka.

A nan ba a gaya wa injiniya zanensa ya yi kuskure. Gyarawa ake yi ta ƙasa, a yi shiru. Saboda haka Olindo Zanasi, bakaniken da ke gwada motocin, yakan cusa buhun yashin kogin Panaro ƙarƙashin tayar ko-ta-kwana, don hancin ya yi nauyi, kafin kowace mota ta fita. Rana ɗaya ya yi fashi, ranar da matarsa ta haihu. A ranar Nerio, ƙanen Injiniya, ya fita da wata sabuwa yana fito, yadda ya saba. A gonar inabi aka tsinto gawarsa. Injiniya ya ce gangancin direba ne, kowa ya gyaɗa kai.

Tun daga lokacin, Olindo ya gaya mini, duk sa'ad da allurar gudu ta kai ɗari biyu da arba'in yakan ji fito a bayan wuyansa, cikin kukan injin. Na ce iska ce a bakin kafireta. Ya ce, "Iska ta san waƙar da Nerio yake so?"

Shekara hamsin bayan haka aka farfaɗo da ɗaya daga cikin motocin don bikin girmama Injiniya. Jikarsa Ilde ce za ta tuƙa, bayan ta zaga gari da ita tun safe har mai ya yi ƙasa. Tsohon ya zo gareji a keken guragu, ya sa aka buɗe hancin, ya zunguri buhun da sanda.

"Wannan fa? Gero kake ɓoyewa?"

"Yashi ne, Injiniya," in ji Olindo.

"Yana cikin zanena?"

"Babu."

"To a fitar. Ba jaki na ƙera ba."

Ilde ta yi dariya. "Kawu Olindo, ka bar wa Kaka motarsa. Yau sai na ga ƙarshen allurar nan."

Olindo ya dubi buhun a ƙasa, ya dubi tsohon da ya kai casa'in bai san abin da ya kashe ƙanensa ba. Sai ya ce bari ya ƙara sauraron injin.

Kunnen Olindo shi ne duk abin da ya mallaka. Da guntun tiyo a kunne yake daidaita kafireta shida su yi numfashi tare, kuma tun daga Jamus ake turo masa motoci saboda haka. Ya sunkuya minti goma yana murɗa kafiretocin da ya riga ya daidaita, ya rufe murfi.

A filin gwaji, gaban mutane wajen ɗari uku, motar ta tashi lafiya. Tana kaiwa ɗari da tamanin ta soma tari kamar tsohuwar akuya. Sau uku Ilde tana zagayowa, motar ta ƙi wuce haka. Ta fito ta cire hular kwano, ba ta ko dubi Olindo ba.

Injiniya ya karɓi lasifikar da aka tanada don jawabinsa. "Motar ba ta da laifi," in ji shi. "Olindo, kunnenka ya riga ka mutuwa."

Aka yi 'yar dariya. Bajamushen da ke kusa da ni ya ciro waya ya soke zuwan motarsa.

"Haka ne, Injiniya," in ji Olindo. "Tsufa ne."

Shi ya mayar da motar gareji, ina gefensa. A hanya ya karkata kai baya, yana sauraro.

Na ce, "Ka ji shi?"

Ya ce, "Yau bai zo ba."

Da muka isa ya ɗaga buhun da ƙyar ya mayar wurinsa, sannan ya rataye tiyon a ƙusa ya nemi rigarsa.