Ƙodar Dotun

Ƙodar da nake rayuwa da ita ba tawa ba ce. Ta ƙanena ce, Dotun. Ina shekarar ƙarshe ta karatun haɗa magunguna a Indiya nawa biyun suka daina aiki. Ya hau jirgi ya zo, aka ciro tasa ɗaya aka dasa mini a ƙasan ciki, ta hannun dama. Tun daga nan nake shan ƙwayoyi safe da yamma don kada jikina ya gane baƙuwa ce ya far mata. Likitocin can sun hana ni jiƙo da tsimi da sassaƙe, har da wani irin lemo. Sun ce abin da ba ya yi wa mai lafiya komai yana iya karya ƙarfin ƙwayoyin, kuma in ƙarfinsu ya karye ƙodar ce za ta tafi.

Da na dawo, uwata ta ce kada dangin babana na Ibadan su ji. A cewarta in suka ji gari ya ji, kuma ba wanda zai nemi auren mace mai ƙodar aro. Ban yi musu ba. Na gaji da zancen ƙoda a lokacin.

Ibadan ɗin kuwa na nufa, wurin gwaggona Iya Wosila, yayar babana marigayi. Rumfarta tana layin masu ganye a kasuwa, agbo take dafawa, wato tsimin ganye da saiwa na Yarbawa, tun kafin a haife ni. Dalilina ba mai tsawo ba ne. Yawancin masu zuwa kantin magani sun riga sun sha agbo kafin su zo, za su kuma sha in sun koma gida, ni kuwa na yi shekaru ina karatu ban san abin da ke cikin tukunyar ba. Ita kuma 'ya'yanta ba wanda ya so sana'ar. Na durƙusa na gaya mata abin da ya kawo ni, ta nuna mini tabarma a ɗakinta da kujera a rumfa.

Da ido da hanci da harshe ake koyo. Ni na tsaya a hanci. In ta miƙo mini ɓawon maɗaci ko saiwar tafashiya ta ce in tauna, sai in sansana in ajiye. Ta ce barkonon Indiya ya ƙona mini harshe. Alhaja Simbi ta rumfar kusa ta ce ba barkono ba ne, tsoron ɗaci ne, irin na 'ya'yan da aka raina da shayi da madara.

"Ki ƙyale ta, Iya Wosila. Ranar da miji ya ba ta haushi za ta san ɗaci."

Gwaggo ba ta matsa mini ba, amma ta gaya mini dokar layin. Ba mai sayar da abin da ta dafa sai ta sha daga tukunyar a gaban mai saye. Ta ce in lokacina ya yi zan dafa, zan kuma sha. Na ce to. Na ɗauka lokacin da nisa.

Abin da na ƙara a rumfar tambaya ce. Duk wanda ya zo sai na tambaye shi ko yana shan maganin asibiti, na hawan jini ko na suga ko wani. Gwaggo ta ce mutane ganye suka zo saye, ba ofishin 'yan sanda suka zo ba. Amma ba ta hana ni ba, don ita ma tana da nata iyakokin. Jaririn da jikinsa ya yi zafi yana sanƙarewa, ko mai ciki da ta ga jini, ba ta ko buɗe musu tukunya, asibiti take kora su. A kan wannan muka zauna lafiya.

Abinci ɗaya muke ci. Da safe takan dama mini kokon jar dawa, a sayo ƙosai a bakin titi. Da rana amala da miyar lalo. Ƙwayoyina suna cikin jaka a ƙarƙashin kayana, nakan sha in ta fita alwala. Wani lokaci takan ja fatar idona ƙasa da yatsa ta leƙa, ta yi tsaki, ta ce ƙasar da na je ba ta da jini ne?

Kowane wata nakan je asibiti a ɗebi jinina. Gwaggo ta ɗauka takardun aiki nake bi. Bayan ƙaramar salla, Dakta Oyelami, likitan ƙoda da ke duba ni, ya duba sakamakon. Sannan ya ce maganin da ke cikin jinina ya ragu ƙwarai, dattin da ƙodar ya kamata ta tace kuma ya fara taruwa. Ya tambaye ni ko ina tsallake ƙwayoyi. Na ce ko sau ɗaya. Ya tambaye ni me nake sha bayan su. Na ce ba komai.

"Mojirade, a layin masu ganye kike wuni."

"Ban taɓa haɗiyar ko ɗigo ba, likita."

Ya dube ni irin kallon da nake yi wa masu saye in sun ce mini ba sa shan komai. Ya ƙara mini yawan ƙwayar, ya ce in dawo bayan mako biyu.

Na san abin da ke jirana in ƙodar ta tafi. Na zauna a gaban injin wankin ƙoda a Indiya, na san sanyin da ke shiga ƙashi, na san yadda ake auna maka ruwan sha da ɗan ƙaramin kofi. Na kuma san Dotun ba shi da wata da zai bayar.

Na fara zargin komai. Ƙurar garin magani in ana daka, tururin tukunya, ruwan ɓawo da ke taɓa mini hannu. Na sa takunkumin fuska, na koma bakin rumfa inda iska take. Alhaja Simbi ta ce ga 'yar Indiya ta zama likitan tiyata, a kawo mata akuya ta gwada. Aka yi dariya har layi na gaba. Ni kuwa kowace safiya sai in danna ƙafata da yatsa in ga ko gurbin zai zauna. Nakan tsaya in duba launin fitsarina. Nakan ɗora hannu a kan tabon in danna a hankali ina neman zafi. Wata rana na same shi, kaɗan, kamar an tsikare ni da tsinke.

Dotun ya kira daga Legas, kamar yadda yake yi duk Juma'a.

"Anti mi, yaya ajiyata? Kina ba ta ruwa kuwa?"

Na ce tana gaishe shi. Ya ce a gaya mata ta yi ladabi a gidan mutane. 

Gwaji na biyu ya fi na farko muni. Dakta Oyelami ya ce duk da ƙarin ƙwayar maganin bai hau yadda ya kamata ba, wani abu yana shiga jikina yana cinye shi. Ya ce in ba a gano shi ba, to in fara shirya zuciyata. Na fito na tsaya a bakin titi, 'yan acaɓa suna ta yi mini magana, ban ji me suke cewa ba. Gumi ya jiƙa mini baya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban yi ƙarya ba. Da ƙarya na yi, da na san abin da zan daina.

Washegari da hantsi gwaggo ta ce lokacina ya yi. Ta ba ni ƙaramar tukunya ta ce in haɗa agbon zazzaɓi da kaina. Na haɗa dogon yaro da ganyen mangwaro da ɓawon maɗaci da tafashiya, na jera su yadda take jerawa, masu tauri a ƙasa. Na hura gawayi a bayan rumfa. Tana zaune tana kallo, ba ta gyara mini komai ba. Da ya dahu ta kira Alhaja Simbi ta zama shaida, ta cika kofi ta miƙo mini.

Na karɓa. Baƙi ne, yana tururi. Na riƙe shi har zafinsa ya fara cin yatsuna. Alhaja ta ce in toshe hanci in ambaci Allah, ba a taɓa jin ɗaci ya kashe amarya ba.

Na ajiye kofin a ƙasa na durƙusa.

"Mama, ba zan iya sha ba. Ba yau ba, ba gobe ba."

Na ɗaga rigata na nuna mata tabon. Na gaya mata komai a taƙaice: Indiya, Dotun, ƙwayoyin da ke cikin jaka, abin da likitoci suka hana, da gwaji biyun nan. Na ce ƙodar tana mutuwa kuma ban san me ke kashe ta ba.

Alhaja Simbi ta tashi ta koma rumfarta ba wanda ya ce ta tafi. Gwaggo ba ta dubi tabon sau biyu ba. Tukunyar take kallo. Na zaci fushi ne, na fara ba ta haƙuri a madadin uwata. Ta ɗaga hannu na yi shiru.

"Ko ɗan kaɗan ma?" ta ce. "Ko wanda ake ba jarirai?"

Na ce ko shi.

Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi a kasuwa ba.

"Tun watan azumi nake zuba miki a koko."

Ta ce ta ga idona fari, ta ga ina ramewa, ta kuma san in ta ba ni a kofi ba zan sha ba. Sai ta riƙa dafa maganin ƙarin jini, karan dafi da saiwa biyu da wani ɓawo, tana dama kokon da ruwan. Jar dawa ta rufe launin, citta ta rufe ɗanɗanon. Haka ta yi wa babana yana yaro, haka ta yi wa 'ya'yanta. A gidanmu babba ba ya neman izinin yaro kafin ya ba shi magani.

Na tambaye ta ko har da na yau. Ta ce har da na yau.

Na juya bayan rumfa na sa yatsa a maƙogwaro. Ba abin da ya fito sai ruwa. Kokon ya daɗe da wucewa.

Ba mu yi kuka ba, ba lokaci. Ta ɗebo kowane abu da ta zuba, ta ƙulle a leda dabam dabam, ta bar wa Alhaja rumfar. Muka hau tasi zuwa asibiti. A gaban Dakta Oyelami ta kwance ledojin a kan tebur ta faɗi sunan kowanne, da yawan da take zubawa, da daɗewar da yake yi a wuta. Ɓawon nan ɗaya sirrin uwarta ne, ko ni ba ta taɓa gaya wa sunansa ba. Ta faɗa masa, ta maimaita don ya rubuta daidai.

Ta tambaye shi wanne ne a ciki ya yi ɓarnar. Ya ce bai sani ba, ba wanda ya taɓa gwada waɗannan tare da irin ƙwayoyina. Yana iya zama ɗaya, yana iya zama haɗuwarsu. Ta tambaye shi ko ƙodar za ta tashi. Ya ce wannan ma bai sani ba tukuna.

Aka ba ni gado. Aka soka mini doguwar allura aka ciro ɗan tsokar ƙodar don a duba, aka ɗaura mini ƙarin ruwa mai magani mai ƙarfi. Jikina ya riga ya fara yaƙarta. Gwaggo ta zauna a kan benci a waje, ta ƙi shigowa, ta kuma ƙi tafiya. Uwata ta zo daga Legas. Abin da suka ce wa juna a barandar ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Ni na kira Dotun da kaina. Da na gaya masa, ya tambaya ko ina jin zafi.

Kowace safiya a ɗebi jini, kowace azahar in jira. Dattin ya ƙara hawa, ya tsaya, sannan ya fara sauka a hankali. Bai koma inda yake a da ba. Ranar da aka sallame ni Dakta Oyelami ya ce ƙodar ta tsira amma ta yi asarar wani ɓangare na ƙarfinta, kuma ba zai dawo ba. Ya ce shekarun da za ta yi mini sun ragu. Nawa suka rage, bai faɗa ba.

Uwata ta so in bi ta Legas. Na koma gidan gwaggo. Hukuncinta a kan tukunya bai canja ba: wadda ba ta sha ba ta dafawa. Za ta koya mini kowane ganye da kowace saiwa, amma tukunyar kam, jikar Alhaja ce za ta gaje ta. Ban roƙa ba.

Yanzu in tana girki nakan zauna a ƙofar madafa. Duk abin da za ta jefa a tukunya sai ta ɗaga shi sama ta faɗi sunansa, ba tare da ta dube ni ba. Gishiri. Daddawa. Manja. Attarugu biyu. Wani lokaci da haushi take faɗa, wani lokaci muryarta ba ta fita sosai. In ta manta ta zuba wani abu ba ta faɗa ba, sai ta sauke tukunyar ta ba maƙwabta, ta ɗora wata.