Taku Huɗu Daga Gindin Aduwa

"Tsaya nan. Na ce ka tsaya, malamin makaranta. So kake ka bi da ni bisa ƙahwahun Maimuna?"

Lirwanu ya dafe ƙasa da dugadugansa, baron ya yi tangal-tangal ya tsaya. A cikinsa Baba Tasi'u ne zaune bisa tabarma ninki huɗu da matashin kai, ƙafafunsa na lilo, hularsa ta zamo har gira. Ya miƙa sandarsa ya nuna wani wuri da babu komai a kai sai busasshiyar ciyawa.

"Nan ta, Maimuna ungozoma. Sa dutse."

Lirwanu ya ajiye jan dutse a saitin kai, ya rubuta sunan a littafinsa, lamba ta sittin da huɗu. Suka ɗaga hannu suka yi mata addu'a. Yana shafawa idonsa ya tafi can ƙarshen maƙabartar, kusurwar gabas, inda aduwa ɗaya take tsaye ita kaɗai.

"Baba, da mun leƙa can yau, ko sau ɗaya."

"Tura dai. Na gaba Nasiru na."

Abin da ya kawo su nan abin kunya ne, kuma gara a faɗe shi yadda yake. Shekara arba'in da wani abu Baba Tasi'u ne mai haƙa kabari a Tungar Kalgo, ƙauyen da ke bayan Mandera. Babu alama a kan kabarin kowa, damina biyu ta isa ta baje tudun, amma ba wanda ya damu, tunda akwai Tasi'u. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi a farkon bazara aka yi rasuwa, samari suka tafi da dagi da shebur, suka haƙa wuri uku, duka ukun suna cin karo da tsohon likkafani. Aka mayar da ƙasa ana salati. Da yamma kuma aka koma gindin bishiya ana hira kamar ba a yi ba.

Lirwanu, wanda ke koyarwa a firamaren garin kuma katangarsu ɗaya da Baba Tasi'u, bai iya haɗiye wannan ba. Ya tafi wajen Maigari a gaban dattawa.

"Allah Ya san inda kowa yake, ɗana," in ji Maigari.

"Ranka shi daɗe, Allah Ya sani. Mu na ba mu sani ba, kuma mu ad da dagi a hannu."

Aka ce yaro ya yi boko ya dawo da baki. Amma aka ƙyale shi, don ba wanda ya yi zaton zai wuce kwana biyu.

Akwai abin da bai faɗa a gaban dattawan ba. Shekara tara da suka wuce yana karatu a Sakkwato mahaifinsa Isa ya rasu da hantsi, aka binne shi kafin azahar. Ya iso da yamma aka nuna masa sabon tudu can kusurwar aduwa. Ya koma makaranta, ya dawo bayan damina biyu, ya tarar wurin ya zama fili. Kunya ta hana shi tambaya. Da ya daure ya tambayi mutum uku a ɓoye, wuri uku suka nuna masa. Mutum ɗaya ne a duniya ya san inda Isa yake, ga shi nan cikin baro, kullum yana ƙara sauƙin turawa.

Dokar Baba Tasi'u biyu ce. Ta farko, layi-layi za a bi daga ƙofa, kamar shuka, ba tsallake. Ta biyu, cikin shinge addu'a kawai, labari sai an fito. Don haka idan rana ta fara zafi, Lirwanu yakan turo shi gindin tsamiyar da ke bakin hanya, ya kunna wayarsa don naɗar murya, ya ajiye a kan gwiwar tsohon. Ranar farko su biyu ne da Bashar mai amalanke, wanda ke kawo musu duwatsu. Kafin kwana na biyar, masu cewa yaro ya dawo da baki su ne masu zuwa da buzunsu tun da wuri.

"Nasirun da munka sa ma dutse yau," in ji Baba, "bai taɓa ganin girgije ya ƙyale ba. Ko hayaƙin toyi ya gani sai ya ɗauki iri. Shekara bakwai zabbi na cinye mashi irin da ya binne kahin ruwa. Ta takwas ruwa yaz zo da wuri, shi kaɗai ad da gero a garin nan. Har ya mutu ba ya gaida mutum sai ya ce, ya geron bara?"

Wani dattijo ya yi dariya har da tari. "Kakana na. Ashe nan na gado gaggawa."

"Maimuna hwa, ita ta yanke cibin rabin waɗanda ke zaune nan. Har ran da anka naɗa ma Maigari rawani ta leƙo ta ce, ɗan tsito, kunnuwanka sun samu maɓoya."

Maigari, wanda ya ce wucewa kawai yake yi zuwa gona, ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa.

Mata ba sa shiga maƙabarta, don haka yawancinsu ba su taɓa sanin inda iyayensu da mazajensu da 'ya'yansu suke ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya kamata a gaya musu. Bayan la'asar sai su cika tsakar gidan Baba Tasi'u, 'yarsa Adawiyya ta ɗora wayar a kan turmi, a saurara. Ana dariya, ana share ido da bakin gyale, ana gardama da murya a cikin waya. Wata tsohuwa ta sa an maimaita mata labarin ƙanwarta sau uku. Kowacce ta fito sai ta tare Lirwanu da saƙo: ka tambayar mini shi, Basira tana kusa da hanya ne ko ciki?

Mahaifiyarsa Ramatu ba ta aika saƙo. Idan ya shigo gida ta miƙa masa ruwa sai ta ce, "Kun kai?"

"Ba mu kai ba, Inna."

"To."

A kwana na tara numfashin Baba ya fara yin nauyi, suna yin kabari goma ya gaji. Lirwanu ya hau mashin ya je Shagari ya zo da ma'aikacin lafiya, wanda ya auna tsohon, ya ba da magani, ya ja Lirwanu zaure ya ce a daina wahalar da shi. Baba ya ji daga ɗaki.

"Ka gaya mashi wahala ta zaman ɗaki ta. Shekara arba'in ina kai mutane, yanzu ni aka turawa kamar buhun albasa, ka ce in bari?"

A hanya washegari Lirwanu ya ajiye baron da ƙarfi.

"Baba, don Allah mi na laihina? Ka san abin da nike nema. Nuni ɗaya na da sanda. In wani abu ya same ka, wa zan tambaya?"

Tsohon ya gyara hularsa ya dube shi da ido ɗaya.

"Shekara tara katangarmu ɗaya, ba ka tambaya ba. Kana zagin mutanen gari da sakaci, kai naka sakacin takarda gare shi?"

Lirwanu ya sunkuyar da kai.

"In na nuna maka ubanka yau, gobe ba ka zuwa da wanga zahin. Za ka ce makaranta, za ka ce jibi. Su Nasiru hwa? Kowa da ubanshi nan ciki. Tura."

Ya tura.

Kwana goma sha ɗaya suka yi, dutse ɗari biyu da goma sha bakwai. Layi uku suka rage, na kusurwar aduwa. Ran na goma sha biyu Lirwanu ya shigo da baro bayan sallar asuba ya tarar Adawiyya a ƙofar ɗaki, ta girgiza masa kai. Baba yana kwance a gefensa na dama, ya sha fura cokali uku, idonsa tar.

"Jingine motar," ya ce. "Yau direba ya huta. Zauna."

Lirwanu ya durƙusa a bakin gadon.

"Ba wurin ubanka zan gaya maka ba, wurina zan gaya maka. Ka tsaya gindin aduwa, ka ba ta baya, ka dubi gabas. Taku huɗu, irin nawa ba irin naka na 'yan boko ba. Ban taɓa sa kowa nan ba, nawa na. In kun haƙa kamu ɗaya za ku iske tsohon bakin dagina, ni na binne shi. In ba ku iske ba, to na ruɗe, ku yahe mini."

Ya numfasa, Adawiyya ta gyara masa matashi.

"Taku biyu gaba da ni, Isa na. Ran da na haƙa nashi na kama wurin. Shekara talatin muna tahiya kasuwar Boɗinga a ƙasa, shi gaba da dogayen ƙahwahu, ni baya ina kallon ƙeyatai ina ce mashi jira ni. Bai taɓa jira ba. To yanzu ya tsaya. In kun kwantar da ni na dubi gabas, ƙeyar nan dai zan gani."

Dariya ta kufce wa Lirwanu tare da hawaye, ya rasa wanda zai tare.

"Sauran layi ukun hwa, Baba?"

"Daga Isa zuwa gaba ku kunka ɗauko su da kahwaɗunku. In kun samu mahwari, ku zauna ku tambayi juna. Ku yi gardama, za ku tuna."

Ya rasu da hantsi, bayan ya tambaya ko an ba akuya ruwa.

Lirwanu da kansa ya auna takun, gajeru, Maigari da rabin gari na tsaye a bayansa. Ya karɓi dagi daga hannun Bashar. Sara na farko, na biyu, ƙasa ja mai tauri. A sara na shida ƙarfe ya yi ƙara a kan ƙarfe. Bashar ya sa hannu ya tono shi, guntun bakin dagi da ya cinye ya yi tsatsa, ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Allahu akbar," in ji Maigari a hankali. "Tasi'u bai ruɗe ba."

Suka haƙa har ƙasa ba su taɓa kowa ba. Bayan an rufe an yi addu'a, mutane ba su watse ba. A bakin shinge wani ya ce bayan Isa ai Husaini maƙeri ne, wani ya ce a'a, jaririn gidan Bilyaminu ya riga shi da kwana biyu, shi ya riƙe shi a hannu. Maigari ya aika a kawo buzunsa gindin tsamiya, ya ce wa Lirwanu, "Malam, kunna abin nan naka."

Da ya shiga gida Ramatu ta miƙa masa ruwa. Ba ta tambaya ba, shi ya ce, "Mun kai, Inna."

Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da ɗan dutsen niƙanta na da, wanda Isa ya ɗauko mata a ka tun daga Boɗinga shekarar da aka haifi Lirwanu. Hannu ya goge shi ya yi sumul.

"Kada ka sa mashi jan dutse irin na kowa. Sa wanga, in iya gane shi daga hanya."

Ruwan farko ya sauka bayan kwana shida. Da safe suka fita shuka, Lirwanu da sungumi a kafaɗa, ita da ƙwaryar iri a ka. Da suka zo daidai shingen ta rage tafiya, ta tsaya. Bai nuna mata ba. Can gindin aduwa sabon tudu ya sha ruwa ya yi duhu, taku biyu gabansa ɗan dutsen yana sheƙi. Ta sauke ƙwaryar ta riƙe a ƙugu, ta daɗe tana kallo, leɓɓanta na motsi. Sannan ta ɗan yi murmushi, ta mayar da irin bisa kai, suka wuce gona.