Raƙuman Baba Direba

"Kada ka fizga," in ji Baba Direba. "Murɗa shi a hankali, dama da hagu, kamar mai cire wa yaro haƙorin da ya riga ya yi girgiɗi."

Farfesa na durƙushe a gaban kaskon tsiro, ya murɗa. Ganyen ya rabu da jikin uwar da wata 'yar ƙara. Kauri ne da shi kamar babban yatsa, shuɗi-shuɗi, mai sanyi a tafin hannu. Ya miƙa wa tsohon, wanda ke zaune a kujerar roba, ƙafafunsa da suka kumbura suna kan matashi. Baba ya kai ganyen kusa da idonsa, ya duba gindinsa.

"Ya fito da gindinsa cif. To, digirin bai tafi a banza ba."

Ba farfesa ba ne. Malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare, yana haya a ɗakin ƙarshe na hawa na biyu, kuma Baba ne ya laƙaba masa sunan tun ranar da ya ga ana hawa da kwalayen littattafansa, babu ko tukunya ɗaya a cikin kayan. Baranda ɗaya suke tarayya a kanta, ko da yake a gaskiya ta tsirran ce, su biyun ratsawa kawai suke yi.

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin babbar mota. Duk inda ya tsaya shan mai ko hutawa ya ga irin waɗannan tsirrai masu kaurin ganye, masu ajiye ruwa a cikinsu, sai ya roƙi ganye ɗaya, ya naɗe a hankici, ya jefa aljihu. Ganyen kan yi tafiya mai nisa tare da shi bai mutu ba, shi ya sa yake kiransu raƙuma. Ya dasa su a galan-galan na baƙin mai da ya yanke, da murfin taya, da wata tsohuwar hular kwano. Akwai masu kama da fure a buɗe, akwai masu ƙaya a gefe, akwai masu zubowa ƙasa kamar carbi. A can ƙarshe, cikin babban kasko, akwai Tsohuwa, wadda ya fara kawowa gida tun matarsa na da rai. Yawancin sauran 'ya'yanta ne da jikokinta.

"Ɗora shi a kan yashin can," ya ce. "Kada ka binne, kada ka ba shi ko ɗigo. Ciwo ne ka ji masa, sai bakin ya kame. In ka jiƙa shi yanzu, ta nan ruɓa za ta shiga."

"Har zuwa yaushe?"

"Sai ya nema. Za ka ga saiwa ta leƙo, siririya, ja-ja, tana lalube. Kafin nan ɗan da zai fito jikin ganyen yake sha, har ganyen ya yamushe ya ƙare."

Abin da ke ba Farfesa mamaki shi ne yadda mutumin da ya yi rayuwarsa cikin gudu ya iya jira haka. Shi kuwa ko takardun ɗalibai yake dubawa hankalinsa na kan abin da bai zo ba: aikin da ya nema, karatun da bai ƙarasa ba. Baba na iya zama tun hantsi yana kallon faranti cike da ganyaye kwance, babu abin da ke motsi, fuskarsa kamar ta mai sauraron labari.

Labule ya ɗaga. Babbar 'yarsa ta fito da kofi a hannu, farin kofi da aka ja wa layi da jan fenti a ƙasa da rabi. Ta baro mijinta da 'ya'yanta a wani gari mai nisa tun da likita ya ce zuciyar mahaifinta ta gaji, ruwa na taruwa a jikinsa, dole a auna masa abin da zai sha.

Baba ya shanye a kurɓi ɗaya, ya leƙa cikin kofin.

"Uwata, ɗan ƙara."

"Baba, na safe ke nan. Sai an jima."

"Wannan? Ai ko kaza ba za ta ɗaga kai a kansa ba."

"Likita ne ya ja layin, ba ni ba."

"Likitan nan yaro ne. Ranar da na fara tuƙi ko ubansa bai iya ɗaure wando ba." Ya juya ga Farfesa, ya nuna tsirran da haɓa. "Ka gani ko? Shekara da shekaru ina hana su ruwa, ga shi Allah ya kawo mai rama musu."

Ta yi murmushi, ta karɓi kofin ta koma ciki. Farfesa ya lura tun tuni cewa ba ta shan ruwa a gaban mahaifinta. Wata rana da ya dawo daga makaranta ya tarar da ita a kwanar matakala, ta ba da baya, tana shan ruwan leda da sauri kamar mai sata. Ya wuce bai gaishe ta ba, don yana ganin gaisuwar za ta fi shirun nauyi.

Jikin tsohon ya ci gaba da yin ƙasa. Baba ya daina iya durƙusawa, sannan ya daina iya riƙe reza, amma bai daina aiki ba, sai dai ya ari hannuwan Farfesa. Suka bi tsirran da ke da 'ya'ya a gindi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi saiwarsa a yanke shi, a bar shi ya sha iska a inuwa kafin a dasa. Wanda bai yi ba, Baba ya ce a ƙyale shi da uwarsa, ba a yaye na goye don ana sauri.

Ranar da 'yar ta fita kantin magani, Baba ya yafito shi kusa.

"Farfesa, rana ba ta ba ni tsoro a kan waɗannan. Ko an manta da su wata guda ba abin da zai same su. Masu tausayi nake tsoro. In na tafi, benen nan zai cika da jama'a, kowa da butarsa. Duk wanda ya ga ƙasa a bushe zai ce marayu ne. Ka tsaya musu."

"Allah zai ba da lafiya, Baba."

"Amin. Amma ka tsaya musu."

Ya rasu wata safiya Farfesa na cikin aji. Da ya dawo da rana, tun daga ƙasan bene ya ga takalma jere a matakala, ya gane. Ya tsaya da jakarsa a hannu, yana karanta takalman kamar za su gaya masa wani abu dabam.

Abin da Baba ya faɗa kuwa bai saɓa ba. Masu ta'aziyya suka cika ɗaki da baranda, duk wanda ya gama alwala sai ya juye ragowar ruwansa a kasko mafi kusa. Farfesa ya kwashe farantan ganye ya kai ɗakinsa, ya ja manyan zuwa ƙarshen baranda, ya gitta benci a gabansu, ya zauna a kai. Yana ba mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

"Bawan Allah, ladan ma hana mu za ka yi?" in ji mai shagon ƙasan bene, buta a hannu.

"Wasiyyarsa ce."

"Wasiyya a kan ciyawa?" Ya girgiza kai. "Allah ya jiƙan Direba. Har ya tafi bai daina ba mutane aiki ba."

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar ya zo ne bayan jama'a sun janye.

Da sassafe Farfesa ya ji ƙarar ruwa. Ya ɗaga labulen tagarsa, ya ga 'yar Baba ta matsar da bencin, tana bin tsirran da buta. Ba yayyafi take yi ba. Takan tsaya a kan kowane kasko ta zuba har ƙasar ta ƙoshi, har ruwan ya ɓullo ta ƙasa ya bi siminti, sannan ta koma famfo ta sake cikawa. Ba ta kuka. Fuskarta a natse take, kamar ta mai biyan wani abu da ya wajaba.

Ya saki labulen. Washegari ma haka, da wanda ya biyo baya. Kullum yakan shirya maganar a ransa, ya gyara ta, ya sauya mata farko, ya rage mata kaifi, har ta zama ba ta cewa komai. Yaya mutum zai fita ya ce wa matar da ta yi makonni tana ja wa mahaifinta layi a kofi ta sake rufe hannunta? Ya san alkawarin da ya ɗauka, ya kuma san abin da yake gani ta taga, kuma ya kasa samun jimlar da za ta ɗauki duka biyun. Ya riƙa fita makaranta da wuri yana kawar da kai daga ƙarshen barandar.

Ƙananan suka fara zubar da ganye. Sannan Tsohuwa ta sauya. Ganyayenta na ƙasa suka yi rawaya, suka yi laushi har haske na ratsa su, wani wari mai tsami ya fara tashi daga kaskon. Ranar da ya ji warin tun daga ƙofarsa, ya ajiye jakar makaranta ya fita.

Tana tsaye a kan babban kaskon, butar a karkace.

"Yaya, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam."

"Yaya, ruwan ya yi musu yawa."

Duk abin da ya shirya, wannan kaɗai ya fito. Ta ɗago butar, amma ba ta dube shi ba.

"Na sani," ta ce. "A cikinsu na girma. Ina ƙarama ya taɓa buge mini hannu a kan wannan ɗin, don na ba ta ruwan wankin allona."

Ta sauke idonta a kan kaskon.

"Ranar da zai tafi, ya ce in ba shi ruwa. Na ce ya bari sai lokacin magani. Ya ce to. Bai yi mini wasa ba ma, Malam, cewa kawai ya yi to. Na jiƙa auduga na shafa masa a leɓe. Na shiga kicin in ɗora tukunya, na fito." Ta gyara riƙon butar. "Da na san saura kaɗan ne, da randa zan kawo masa."

A ƙasa mai shago na ɗaga ƙofar ƙarfensa, ƙarar ta hau har sama ta sauka. Farfesa ya durƙusa a gaban kaskon, don ya fi masa sauƙi ya dubi tsiron da ya dube ta.

"Ya taɓa ce mini da ni ne mai jinyarsa, da na kashe shi da kirki tun makon farko," in ji Farfesa. "Ya ce ni ko ɗalibi ban iya hana wa maki ba."

Wani sauti ya kuɓuce mata, rabinsa dariya. Ta kai gefen mayafi ta toshe bakinta.

Ya sa yatsa a gindin Tsohuwa. Jikin ya lotsa, baƙin ruwa ya fito, dukan tsiron ya kwanta gefe a hankali ya jingina da hannunsa. Daga ƙasa har tsakiya babu abin ɗauka. Amma can sama, a kan kowane reshe, akwai ganyaye masu tauri, shuɗinsu bai gushe ba.

"Uwar ta tafi," ya ce. "Na sama ba su kamu ba tukuna. In an cire su yau."

Ya kama ɗaya, ganyen ya tsage biyu. Ya kama wani.

"Matsa," ta ce. "Hannun alli ne da kai."

Ta dire butar a jikin bango, ta tattare zanenta ta durƙusa. Yatsunta suka bi reshen, dama da hagu, ganye na faɗowa tafinta ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gindinsa. Wanda ta ga ɗigon baƙi a jikinsa sai ta jefar gefe ba tare da ta tsaya ba. Farfesa ya shiga ɗaki ya ɗauko faranti da busasshen yashi. Ta jera su a kai, tana ba kowanne tazara, ta kai farantin inuwar taga.

Sauran kasaken suka karkata su ɗaya ɗaya, ruwan ya tsiyaye. Waɗanda ƙasarsu ta zama taɓo suka tumɓuke su, suka shimfiɗa a kan tsohuwar jarida, saiwoyinsu a waje.

Da suka gama, ta wanke hannu, ta zauna a kujerar roba, ta ɗora hannuwanta a cinya. Lokacin makaranta ya riga ya wuce, Farfesa bai koma ta kan jakarsa ba. Ya zauna a bencin. Rana ta hauro kan bene na gaba ta sauka a barandar, ruwan da ya malale a siminti ya fara janyewa daga gefe-gefe.