Lafiyar Aro

Alhaji Haruna ya miƙo kwalbar ba tare da ya dubi Sammani ba, kamar yadda ya saba miƙa masa fayil a ma'aikata.

"Shiga bayi ka cika mani wannan. Rabi ma ya isa."

Sammani ya jujjuya kwalbar. Ƙarama ce mai jan murfi, an manna mata takarda da sunan Alhajin.

"Ranka ya daɗe, fitsarina?"

"Naka mana. Kai da ba ka san shayi da madara ba, ina ciwon suga zai gan ka?"

Shekara ashirin da biyu Sammani ya yi yana masinja a ƙofar ofishin wannan mutum, alhali tare suka yi wasan ƙasa a lungun nan na Ƙofar Guga. Da soja suka koma bariki farar hula suka hau, aka yi wa Alhaji ritaya daga kujerar Darakta, aka karɓe gidan gwamnati na GRA. Ya dawo gidan mahaifinsa, katanga ɗaya da Sammani, amma ko akwatunansa bai bari an kwance ba. Duk wanda ya zo barka da dawowa sai ya ce masa ai ba dawowa ya yi ba, wucewa zai yi. Maleshiya zai tafi wurin ɗansa Umair, can zai ci fanshonsa cikin mutane masu hankali. Komai ya tsara shi a koren fayil: fasfo, hoton gidan da zai kama, nisan gidan da asibiti, har sunan masallacin unguwar. Abu ɗaya ya rage, inshorar lafiya, wadda sai da ita za a ba shi izinin zama. Kamfanin kuwa ya ce a aiko da sakamakon gwaji, kuma tsoho mai ciwon suga ba sa ɗaukarsa.

Sammani ya shiga ya cika kwalbar, don bakinsa bai taɓa koyon ce wa mutumin nan a'a ba. Yana yi yana tsaki. Wai wanda ba ya iya haɗa sahu da su a masallaci sai ya shimfiɗa tasa dardumar daban, yau shi ke roƙon abin da ake zubarwa a shadda.

Sakamako ya fito fes, aka aika da shi. Alhaji ya sayo sabon takalmi sau-ciki na tafiya, kullum da hantsi sai ya sa ya dinga zagaya tsakar gida don ya saki. Takalmin ya yi masa kanta a babban yatsa, kantar ta fashe, ta ƙi warkewa. Maimakon ya ajiye shi, sai ya sa reza ya tsaga gefen na dama.

Bayan sati uku Hajiya Zuwaira, matarsa, ta leƙo ta katanga.

"Malam Sammani, ina kwana? Ya iyali? Don Allah shigo ka yi wa abokinka magana. Ni ya ce in na ƙara ambaton asibiti zai bar ni a nan."

"Abokina, Hajiya? Yaushe aka ƙara mani girma?"

Ya dai shiga. Ya tarar da Alhaji a kujera tsakanin akwatuna, ƙafar bisa matashi, an naɗe ta da tsohon rawani. An kunna turaren wuta har kasko biyu, bai ɓoye komai ba.

"Ranka ya daɗe, ƙafar nan tana wari."

"Unguwarku ce ke wari."

"Mu tahi a duba ta. Ga tasi nan bakin titi."

"In je su buɗe mani kati su rubuta suga? Kamfani ya aiko bincike ya gani? Kai dai har yanzu kan masinja gare ka. Sati biyu ya rage in tafi. Can likita ke zuwa har gida, da farar mota. Ba zan miƙa ƙafata ga mahautan nan ba."

"To ni zan je in faɗa masu kwalbar tawa ce."

Alhaji ya yi dariya har da tari.

"Je ka. Wa zai saurare ka?"

Sammani ya fita, ya ce a ransa to ya zauna, ƙafar ta riga shi isa can. Kwana biyar bai sake leƙawa ba. Yana zaune a zaurensa yana jin nishin ta katanga, yana ƙara muryar rediyo. Sai dai ko ya ɗauki buta zai zagaya, kwalbar nan mai jan murfi ke faɗo masa a rai. A rana ta shida, bayan azahar, ya je ya kawo tasi bai tambayi kowa ba. Shi da direban suka ciccibo Alhaji, jikinsa zafi kamar garwashi, amma fayil ɗin na rungume a ƙirjinsa.

Likitar da ta karɓe su yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Umair ba. Ta kwance rawanin, ta ɗan kau da kai, sannan ta zare fayil ɗin ta duba ko akwai tarihin ciwon. Ta daɗe a kan takardar gwajin.

"Baba, wannan ba tasa ba ce. Mai wannan takardar lafiyarsa ta fi tawa. Da an kawo shi sati biyu da suka wuce, yatsa kawai za mu cire. Yanzu ciwon ya shiga jini."

Sammani ya kafa wa silifas ɗinsa ido. Alhaji ya kamo bakin rigarsa, ya jawo shi ƙasa-ƙasa.

"Kar ka bari su rubuta."

"Sun riga sun rubuta, Haruna."

Rabon da ya kira shi da sunansa tun suna yara. Alhaji ya buɗe ido kamar zai yi faɗa, bai samu ƙarfi ba.

Ranar Alhamis da la'asar ya cika. Sammani ne ya yi masa wanka, mutanen lungun da ya ce suna wari suka ɗauki makarar. Umair ya bugo waya ya ce bai samu jirgi ba.

Ranar sadakar bakwai ɗan aike ya kawo ambulan mai hatimin ƙasar waje. Wani malamin makaranta cikin masu gaisuwa ya karanta wa Hajiya daga bakin ƙofa: kamfani ya karɓi Alhaji Haruna, suna taya shi murnar ƙoshin lafiya, ga katin inshorarsa. Can Hajiya ta turo takalmin nan ta ƙarƙashin labule, ta ɗora katin a kai.

"A ba Malam Sammani. Takalmin sadaka ne. Katin kuwa dama nasa ne."

Sammani ya ɗauka. A zaurensa ya gwada na hagu, ya yi masa daidai. Na daman ya juya shi a hannu, ya zura yatsa ta inda reza ta tsaga. Sai ya cusa katin a ciki, ya tura takalmin ƙarƙashin benci, kusa da butarsa.